Bin Sawun Vickers Vimy: Daga South Kensington Zuwa Brooklands

Wanda ya sauka Landan da niyyar ganin babban jirgin kai harin bam na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, zaɓinsa kaɗan ne. Jiragen wancan lokaci katako ne da yadi da waya, ba sa jure ajiya, kuma da yaƙi ya ƙare aka rushe mafi yawansu. Handley Page O/400, wanda shi ne babban jirgin da Birtaniya ta riƙa kai wa Jamus harin dare da shi a 1918, babu ko ɗaya da ya rage a cike. Wanda ya tsira shi ne Vickers Vimy, shi ɗin ma ba don yaƙi aka adana shi ba. Wurare biyu na je dominsa: gidan tarihin kimiyya na Science Museum da ke South Kensington, inda na asali yake, da gidan tarihin Brooklands a Weybridge, inda aka ajiye kwafinsa wanda ya yi tashi na gaske.

Zuwa na farko ba wuya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly yana ɗauko mutum daga Heathrow har tashar South Kensington ba sauyi, daga nan akwai doguwar hanyar ƙafa ta ƙarƙashin titin Exhibition Road da ke fitar da kai kusa da ƙofa. Shiga kyauta ne, sai dai gara a yanki tikiti ta intanet tun kafin a zo. Zauren jiragen sama yana hawa na uku. Haskensa kaɗan ne, an tsara shi kamar rumfar ajiye jirage, kuma akwai wata gadar ƙafa da aka ɗaga a tsakiya. A hau ta. Daga ƙasa cikin jirgin da tayoyinsa kawai ake gani, daga kan gadar ne ake ganin injuna da mazaunin matuƙi da yadda wayoyi suka sarƙe tsakanin fukafukai.

Daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin mita 20.75 ne, tsawonsa mita 13.28, tsayinsa ya kusa mita biyar. Fukafukai biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, tsawonsu ɗaya, kuma faɗin fuskarsu gaba ɗaya murabba'in mita 123.6. A wannan zaure akwai yankin gangar jikin Boeing 747 da aka yanko aka kafa, ya kuma dace a kwatanta su. Kowane murabba'in mita na fiffiken 747 yana ɗaukar sama da kilo 700 idan ya cika. Na Vimy kilo 40 ne zuwa 50. Ga dalilin da ya sa yake da fiffike kamar ba iyaka a kan siririn jiki: injinsa ba shi da ƙarfin da zai tura shi da gudu, don haka dole ya tattaro iska mai yawa a hankali. Duk abin da na gani a jikin jirgin nan, daga hanci zuwa wutsiya, amsa ce ga tambaya ɗaya: kilo nawa injuna biyu masu ƙarfin doki 360 kowanne za su iya ɗagawa, kuma me za a ba wa kowane kilo?

Jamusawa ne suka haife shi, a kaikaice. Ranar 13 ga Yuni 1917, da rana tsaka, jiragen Gotha na Jamus suka zuba wa Landan bama-bamai, mutum 162 suka mutu, ciki har da yara 18 a wata makarantar firamare a unguwar Poplar. Suka dawo ranar 7 ga Yuli. Jama'a suka nemi ramuwa, gwamnati ta ba da odar O/400 da yawa, ta kuma nemi kamfanin Vickers ya gwada nasa. Babban mai zanen kamfanin, Rex Pierson, ya samu kwangilar jirage uku na gwaji a watan Agusta, kuma ranar 30 ga Nuwamba 1917 Kyaftin Gordon Bell ya tashi da na farko daga filin Joyce Green a Kent. Ƙasa da wata huɗu ke nan. Lambarsa a kamfani F.B.27, sunan Vimy kuwa daga tudun Vimy na Faransa aka ɗauko shi, inda sojojin Kanada suka yi nasara a watan Afrilu na shekarar.

Gangar jikin ta fito da sauri, inji ne ya ja lokaci. Na farko an sa masa Hispano-Suiza, na biyu Sunbeam Maori, na uku Fiat na Italiya. Ba neman burgewa ya sa ake ta sauya inji ba. Kowa ya san Rolls-Royce Eagle ne ya fi, amma kamfanin bai iya ƙera shi da yawan da ake buƙata, ga jiragen Handley Page da na DH.4 da jiragen da ke sauka kan ruwa duk shi suke jira. Biyu daga cikin jiragen gwajin sun faɗi a 1918. Na huɗu, mai Eagle VIII, sai a watan Oktoba ya fito. Zuwa ƙarshen watan uku kacal rundunar sojan sama ta karɓa, ɗaya ne ya isa Faransa, aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba bai jefa ko bam ɗaya ba. An yi odar sama da dubu, aka soke mafi yawansu.

Na daɗe a kan gadar ina kallon injunan, don a nan ne aikin yake. Kowanne yana cikin kwasfarsa a tsakanin fiffiken sama da na ƙasa, a ɗaure da sanduna, lagireto a gaba. Eagle VIII silinda 12 ne, shida a kowane gefe, sun buɗe da kusurwar digiri 60, cikinsa lita 20.3, ruwa ke sanyaya shi, nauyinsa kimanin kilo 400. Yana ba da cikakken ƙarfinsa a juyi 1,800 a minti. Farfela ba ta son wannan gudu: tana da ruwa huɗu na katako, faɗinta ya wuce mita uku, kuma idan bakinta ya kusanci gudun sauti sai ta riƙa dukan iska a banza. Saboda haka aka sa giyar rage gudu a hancin injin, wadda ke mayar da juyi 1,800 zuwa kimanin 1,080.

Wuta kuwa an ninka ta. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, 24 ke nan a inji ɗaya, kuma maganeto huɗu ke ba su wuta, kowanne yana kula da shida. Idan maganeto ɗaya ya mutu, silindar ba ta mutu ba, ɗaya fulogin yana ci, ƙarfi ne zai ɗan ragu. Kafin tashi ana kashe su bi da bi ana duban agogon juyi, wanda ya sa allura ta faɗi da yawa to ɗan'uwansa ne ba shi da lafiya. Kafireto huɗu ne, kuma daidaita su su yi numfashi ɗaya aiki ne na makanike mai kunne. Babu sitata ta lantarki. Mutane ke juya hannu a gefen kwasfar har inji ya shaƙi mai, sannan a ba shi wuta da ƙaramin maganeto na hannu.

Raunin Eagle yana wajen ruwa. Silindarsa ƙarfe ce, an lulluɓe ta da siririyar rigar ƙarfe da aka yi wa walda, ruwa na zagayawa a tsakani. Zafi da jijjiga suna tsaga waldar, ruwa ya fara tsatsa, lagireto ya yi ƙasa, zafi ya ƙaru, tsagar ta ƙara buɗewa. Akwai marufai a gaban lagireto da matuƙi ke buɗewa ko rufewa gwargwadon sanyi, amma an auna girman lagireton ne da iskar Turai. A riƙe wannan, zai dawo idan mun iso Afirka.

Manyan tankunan mai suna cikin gangar jiki, ƙasa da injuna, to mai ba zai gangara da kansa ba. Ƙananan famfuna masu 'yar farfela, waɗanda iskar tafiya ke juyawa, su ke tura shi zuwa wani ƙaramin tanki a tsakiyar fiffiken sama, daga can ya gangaro kafireto. Rarar tana komawa ƙasa ta wani bututu mai gilashi. Muddin ana ganin mai yana wucewa ta gilashin, famfo na aiki. Idan ya tsaya, sai a kama famfon hannu.

Sauran jikin ba shi da ƙawa. Gaban gangar bututun ƙarfe ne, bayanta katako, an ɗaure da wayoyi a giciye, an rufe da yadin lilin. Wutsiya ita ma hawa biyu ce, da alluna biyu na juya akala a tsakani. Tayoyi huɗu, biyu a ƙarƙashin kowane inji, igiyar roba ce ke shanye gargada. Babu burki ko kaɗan: wani sanda ne a ƙarƙashin wutsiya ke jan ƙasa har jirgi ya tsaya, shi ya sa filin ciyawa ya fi masa, kuma dole a sauka ana fuskantar iska. Na soja yana da wani tallafi a ƙarƙashin hanci don kada ya kifa. Mutum uku ke cikinsa, duk a fili, babu rufi: mai bindiga a can bakin hanci, wanda shi ne kuma mai sakin bam, matuƙi a bayansa, sai wani mai bindigar a bayan fukafukai. Bindigogin Lewis ne, a kan zoben da ke juyawa kowane gefe, kwanon harsashi ɗaya na cin 97.

Ga lissafin da allunan gidan tarihi ba su cika yi wa mai ziyara ba. Jirgin babu komai a ciki kilo 3,222 ne. Nauyin tashinsa na soja, gwargwadon yadda aka loda shi, daga kilo 4,937 ne zuwa kimanin 5,670. Cikakken lodin bam kilo 1,123: guda 18 masu kilo 51, da biyu masu kilo 104, wasu a tsaye a cikin gangar jiki, wasu a rataye a ƙarƙashi. Tankunansa na cin sama da lita 2,000, kusan tan ɗaya da rabi na fetur. A ƙara mutum uku da kayan sanyinsu da bindigogi da baƙin mai da ruwa. Ko da babban adadin aka ɗauka, lissafi ba ya fita. Ana rubuta cewa yana tafiyar kilomita 1,450, ana kuma rubuta cewa yana ɗaukar bam fiye da tan ɗaya, duka gaskiya ne, amma ba a tashi ɗaya ba. Kwamanda zai zaɓa: nisa ko bam. Injunan biyu suna shan abin da ya kusa lita 200 a awa, don haka kowace awa ɗaya da aka ƙara wa tafiya tana cinye gurbin bam uku masu kilo 51.

Ko an isa da bam ɗin, samun abin da aka nufa wani aiki ne. Bam da aka saki daga tsayin mita 2,000 yana ɗaukar kimanin daƙiƙa 20 kafin ya taɓa ƙasa. Idan jirgi na gudun kilomita 130 a awa, bam ɗin zai yi gaba da kusan mita 700 a wannan lokaci. Kuskuren kilomita 15 a awa wajen ƙiyasta gudun jirgi bisa ƙasa, wanda iska kaɗan ke jawowa, ya isa ya kauce da bam fiye da mita 80. Yawancin na'urorin saiti na lokacin suna buƙatar a bi layin iska sak, ko a fuskance ta ko a ba ta baya. Masu manyan bindigogi a ƙasa su ma sun san inda iska ke kaɗawa, sun san ta inda jirgi zai ɓullo. Da gudun da bai wuce kilomita 160 a awa ba, da tsayin da bai wuce kimanin mita 2,100 ba idan da lodi, dare ne kaɗai mafakarsa.

Wanda ke Science Museum ba shi da bindiga ba shi da maratayar bam. An cire su, an rufe gurbin masu bindiga, an faɗaɗa mazaunin matuƙi ya ɗauki mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, aka cika duk sauran wuri da tankuna har lita 3,900. Nauyin ya kai kusan tan shida, wato sama da kilo takwas ga kowane doki ɗaya na inji. An kai shi tsibirin Newfoundland, a gabashin Amurka ta Arewa, cikin akwatuna, aka harhaɗa shi a fili. Ranar 14 ga Yuni 1919 matuƙi John Alcock da mai lissafin hanya Arthur Whitten Brown suka tashi daga filin Lester a St John's, da ƙyar ya rabu da ƙasa, suka sauka washegari da safe kusa da Clifden a yammacin Ailan. Kilomita 3,040 cikin kimanin awa 16, karo na farko da aka ƙetare Tekun Atlantika ta sama ba tare da yada zango ba, suka kuma ci fam 10,000 da jaridar Daily Mail ta sa.

Abubuwan da suka lalace a hanya sun fi nasarar koyarwa. Ba su yi nisa ba janareton da iska ke juyawa ya mutu, rediyo ya tafi da shi. Bututun salansar injin dama ya tsage, harshen wuta na fita, ƙara ta hana su jin juna, sai rubutu a takarda. Batirin da ke ɗumama rigunansu ya ƙare. Brown na neman rana ko tauraro ya auna, gajimare ya rufe, awanni yana lissafi da gudu da agogo da kamfas kawai. Mafi muni ya zo ne cikin dare, a tsakiyar gajimare mai kauri. Jirgin ba shi da na'urar da ke nuna wa matuƙi ko fukafukansa a daidai suke, kuma idan ido bai ga inda sama ta haɗu da ƙasa ba, jiki yana yi wa mutum ƙarya, ya ji a miƙe yake alhali yana karkacewa. Suka sulmiyo suna juyawa har suka fito ƙarƙashin gajimaren dab da ruwa, a nan Alcock ya ga teku ya daidaita. Labarin da ake yawan bayarwa cewa Brown ya riƙa takawa kan fiffike yana fasa ƙanƙara ƙari ne na masu ba da labari. Abin da shi ya bayyana shi ne ya riƙa miƙewa daga mazauninsa yana share ƙanƙara daga gilashin nan na ganin mai. Saukar ma ba ta yi kyau ba: abin da suka ɗauka koren fili ne ashe fadama ce, Derrygimlagh, tayoyi suka nutse, hanci ya soki laka, ga shi an riga an cire tallafin hanci don rage jan iska. Aka gyara jirgin, aka miƙa shi ga gidan tarihin a watan Disamba 1919. Cikin wannan watan Alcock ya rasu a haɗarin wani jirgin Vickers kusa da Rouen.

Brooklands tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa daga tashar Waterloo zuwa Weybridge, sai a ƙarasa da ƙafa ko tasi. Nan ana biya. Filin tseren motoci ne da aka buɗe a 1907, har yanzu wani sashe na gangaren kankarensa yana nan, kuma a gefensa masana'antar Vickers ta zauna shekara da shekaru. Yawancin masu ziyara jirgin Concorde suke nufa, ko jirgin Wellington da aka tsamo daga tafkin Loch Ness a 1985. Vimy yana cikin tasa rumfar. Kwafi ne da aka ƙera a Amurka a 1994, ya je Ostireliya a shekarar, ya je Afirka ta Kudu a 1999, ya ƙetare Atlantika a 2005 da Steve Fossett da Mark Rebholz, ya yi tashinsa na ƙarshe a 2009. Injunansa na zamani ne, don haka kada a koyi Eagle a jikinsa. Amfaninsa shi ne a ƙasa yake, ana matsawa kusa.

A kusa ne ake gane cewa wayoyin nan su ne ƙashin jirgin. Tsakanin kowane sanduna biyu akwai wayoyi iri biyu a giciye. Waɗanda suka tashi daga ƙasa ta ciki zuwa sama ta waje su ke riƙe fukafukai idan jirgi na sama, don iska na son ɗaga su ta naɗe. Waɗanda suka sauko daga sama ta ciki zuwa ƙasa ta waje su ke ɗauke nauyin fukafukan idan yana ƙasa. Kowace tana da abin ɗaurewa mai zare, ana juya shi a ƙara ko a rage, sannan a kulle. Mai wannan aiki daban yake da makaniken inji. Yakan ɗora jirgin a kan jakuna ya daidaita shi da ma'aunin ruwa, ya auna kusurwar kowane fiffike, ya ja igiya daga hanci da wutsiya zuwa bakin fukafukai ya tabbatar dama da hagu ɗaya ne. Kamar mai gyaran keke ne da sifok: ka ɗaure ɗaya, na gefensa ya saki. Idan fiffike ɗaya ya fi ɗaya kusurwa ko da kaɗan, matuƙi zai yini yana kokawa da sitiyari, ga shi babu wani abin taimako sai ƙarfin damtse.

Yadin ma da ƙa'idarsa. Ana ɗinke shi da kowane haƙarƙarin fiffike ƙulli bayan ƙulli, a rufe ɗinkin da tef, sannan a shafa masa wani ruwan sinadari sau da yawa, wanda ke sa shi ya tsuke ya yi tauri, ya hana iska da ruwa wucewa. Wannan sinadari yana kama wuta da sauri, rana mai zafi kuma tana cinye shi ta ruɓar da yadin da ke ƙasa. Katako yana bushewa ya tsuke a busasshiyar ƙasa, wayoyi su saki, manne ya buɗe. Jirgin da aka daidaita a damshin Surrey, yankin da Brooklands yake, sai an sake bin sa tun daga farko idan ya isa Masar.

Daga filin Brooklands ne Pierre van Ryneveld da Quintin Brand, 'yan Afirka ta Kudu, suka tashi ranar 4 ga Fabrairu 1920 da Vimy mai suna Silver Queen, suna nufin Cape Town. Kafin su, Ross da Keith Smith da makanikansu biyu, Wally Shiers da Jim Bennett, sun kai wani Vimy daga Hounslow a Landan zuwa Darwin a Ostireliya tsakanin 12 ga Nuwamba da 10 ga Disamba 1919, har a Surabaya, a tsibirin Java, sai da aka shimfiɗa musu tabarmin gora a kan taɓo kafin su iya tashi. Wancan jirgin yana filin jirgin Adelaide. Afirka ta fi ba da wuya. Silver Queen ya rasa ruwan lagireto cikin dare a kan hanyar Kogin Nilu, ya yi saukar dole cikin duwatsu kusa da Korosko, arewa da Wadi Halfa, ya ragargaje. Aka kwashe injunan aka mayar Alƙahira, aka ɗora su kan wani Vimy na soja. Shi kuma ya ratsa Sudan ya kai har Bulawayo, a Zimbabwe ta yau, a farkon Maris ya faɗi yana ƙoƙarin tashi da lodi. Da ƙaramin jirgi DH.9 suka ƙarasa Cape Town ranar 20 ga Maris. Wani Vimy na fasinja da jaridar The Times ta ɗauki nauyinsa a wannan hanya ya yi ta fama da yoyon ruwa daga rigunan silinda har ya ƙare a Tabora, a Tanzaniya ta yau.

Faɗuwar Bulawayo ba abin mamaki ba ce ga wanda ya yi lissafi. Garin yana kan tsayin kimanin mita 1,350. A ce zafi ya kai digiri 30, to kaurin iskar wurin daidai yake da na tsayin mita 2,200 a ma'aunin da masu jirage ke amfani da shi, wato ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Inji marar na'urar cusa iska zai rasa ƙarfi gwargwadon haka ko fiye, kafireto zai riƙa ba da mai fiye da iskar da ke shiga, farfela ba ta samun abin cizo, fiffike kuma yana buƙatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga. A tuna iyakar tsayin Vimy da lodi mita 2,100 ne. Jirgin yana tsaye a ƙasa ke nan amma ya riga ya kai inda ba ya iya wucewa. Maganin da aka sani shi ne a tashi da asuba, a rage mai, a yawaita zango.

Aikinsa na soja ma a ƙasar zafi ya fi yin sa. Runduna ta 58 a Masar ce ta fara karɓarsa a 1919, daga baya ta 45 da ta 70 da ta 216 suka yi aiki da shi. Daga 1921 sojan sama suka buɗe hanyar wasiƙu tsakanin Alƙahira da Bagadaza, Vimy na cikin masu ɗauka. Hamadar da ke tsakanin Amman da Ramadi ba ta da alamar da matuƙi zai bi, sai aka ja garma aka yi kunya ɗaya doguwa a inda sawun mota ba ya fita, aka share filayen saukar gaggawa a jere, na yamma da haruffa, na gabas da lambobi, aka binne tankunan mai a wasu. Matuƙi kunyar yake bi da ido. Sun riƙe hanyar har kamfanin Imperial Airways ya karɓa a farkon 1927. Masu tambayar ko shi ne ya fara sauka Kano: a'a, jirage uku da Arthur Coningham ya jagoranta daga Masar suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925 DH.9A ne, masu inji ɗaya.

Akwai ɓangaren da ban ga an ba shi wuri sosai a gidajen tarihin biyu ba, kuma ya kamata. An ɗauki fukafukai da wutsiyar Vimy aka haɗa da ƙatuwar gangar jiki, aka samu na fasinja, daga shi kuma aka samu Vickers Vernon na ɗaukar soja. A Iraƙi, inda Birtaniya ta ga mulki da jirage ya fi mulki da bataliyoyi araha, Vernon ya yi jigilar sojoji da marasa lafiya. Kwamandan runduna ta 45, Arthur Harris, wanda daga baya ya jagoranci ruwan bama-bamai kan biranen Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ya sa aka huda hancin jiragensa aka sa na'urar saiti, aka ɗaura maratayar bam. Tsarin da aka zana don masana'antun Jamus, kan ƙauyukan Larabawa da Kurdawa ya sauke lodinsa, inda babu bindigar kakkaɓo jirgi da za ta tilasta masa jiran dare.

A Ingila, Vimy ya riƙe matsayin babban jirgin bam har Vickers Virginia ya fara maye gurbinsa a 1924 zuwa 1925, runduna ta 502 a Ailan ta Arewa kuma ta riƙe nata har 1929. Da Eagle suka tsufa aka sauya wa da yawa injuna masu sanyaya da iska, Bristol Jupiter ko Armstrong Siddeley Jaguar, matsalar ruwa ta ƙare. A sansanin sojan sama na Henlow an koyar da saukar laima da shi: ɗalibi zai tsaya a kan wani ɗan dandamali a fiffiken ƙasa, ya rungume sandan waje tun daga tashi, idan an kai tsayi a ba shi alama ya ja igiya, laimar ta buɗe ta fizge shi. Na ƙarshe sun kai 1938 suna shawagin dare don masu fitilun neman jirage su koyi saiti a kansu.